Dankalin Turawa Da Gasasshiyar Tafarnuwa: Abincin Da Ba Ya Son Turmi

Duk wanda ya ratsa Kasuwar Zamani ta Jimeta da hantsi zai ga dankalin Turawa an kasa shi kashi-kashi, kusa da karas da kabeji da koren wake. Mai saye ya taya, mai sayarwa ya yi albarka, a ƙarshe dai a daidaita. Amma ba kowa ke tsayawa ya yi tunanin irin doguwar tafiyar da dankalin nan ya sha kafin ya iso bakin Binuwai ba. Ƙasar Yola ba ta karɓarsa sosai, domin shi ɗan sanyi ne. Idan zafi ya haura awo 30 sai ya yi ta ganye ya ƙi yin 'ya'ya, mu kuwa a watannin Maris da Afrilu zafinmu kan wuce awo 40.

Saboda haka daga tuddai biyu yake zuwa mana. Na farko tudun Jos, inda ake noma mafi yawan dankalin ƙasar nan, har akwai tashar binciken dankali a Kuru. Daga can motoci kan biyo ta Bauchi da Gombe da Numan. Na biyu tsaunin Mambila, wajen Gembu da Nguroje, wanda tsayinsa ya kai kimanin mita 1,600. Dattawa za su tuna cewa Mambila da Yola jiha ɗaya suke a da, watau Jihar Gongola da aka kafa a 1976, har zuwa 1991 da aka raba ta aka sami Adamawa da Taraba. An raba jiha, amma ba a raba ciniki ba. Dankalin yana gangarowa ta Serti da Bali da Jalingo kamar yadda ya saba.

Asalinsa ma ba na Turawa ba ne. Daga tsaunukan Kudancin Amurka, wajen ƙasar Peru, Sifaniyawa suka kai shi Turai a ƙarni na 16. Sunan "Arish" da 'yan kasuwa ke kiransa da shi ya samo asali ne daga ƙasar Ayalan, inda talakawa suka dogara da shi har cutar ruɓa ta auka wa gonakinsu a 1845, yunwa ta kashe mutum wajen miliyan 1.

To, abin da ya sha wannan tafiya, ya ci kuɗin mota da na dako, bai kamata a ɓata shi a madafa ba. A gidajenmu hanyoyinsa uku ne galibi: a soya shi da ƙwai, a yi fate, ko a jefa shi cikin miya. Akwai ta huɗu wadda aka fi gani a otal-otal, inda ake dafa shi a dagargaza, a dama da man shanu da madara da gasasshiyar tafarnuwa, a ajiye shi gefen nama ko kifi. Ba shi ne gundarin abincin ba, ɗan rakiya ne. In mutum ya ce masa sakwarar dankali ya yi kusa, sai dai sunan nan shi ne tarkon.

Ni kaina na faɗa tarkon. Ran da muka fara gwada shi a gida, na ci shi a wani wurin taro na dawo ina ta ba da labari, sai uwargida ta ce ai wannan ba wani abu ba ne. Aka dafa dankali, aka zuba a turmi, aka kirɓa shi kirɓar doya. Abin da ya fito ba ya gutsuruwa, ba ya haɗiyuwa, yana bin cokali kamar ƙaro. Yara suka dube shi suka dube ni, aka koma kan sauran tuwon jiya.

Dalilin haka ba boyayye ba ne. Cikin dankali akwai ƙananan ɗakuna da ido ba ya gani, kowanne cike da sitaci. In ya dahu sitacin kan kumbura, amma yana nan a ɗakinsa. Muddin aka raba ɗakunan a hankali ba a fasa su ba, dankalin zai yi laushi ya yi sakayau a baki. Da zarar taɓarya ko injin markaɗe ya farfasa su, sai sitacin ya malalo ya zama danƙo. A sakwara wannan danƙon shi ake nema, shi ya sa ake gumi a kan turmi. A nan kuwa shi ake gudu. Ke nan hannun da ya gwane wajen kirɓi da tuƙin tuwo, shi ne zai fi shan wuyar koyon wannan girki, don abin da ake so ya yi shi ne ya sassauta.

Sai batun tafarnuwa, wadda mutane da yawa ke ƙi saboda wari. Warin nan ba ya cikinta tun asali. Sai an yanka ko an daka ta wasu sinadarai biyu da ke rabe a cikinta suke haɗuwa su haifi mai yajin, wanda masana suka raɗa wa suna alisin bayan wani Ba'amurke, Chester Cavallito, ya ware shi a 1944. Idan aka gasa ta dunƙulenta ba a fasa ba, zafi kan kashe mai haɗa su ɗin kafin ya yi aikinsa. Sai tafarnuwar ta yi taushi kamar man shanu, ta yi ja-ja, ta ɗauki wani ɗan zaƙi da ba a san ta da shi ba. Amma fa mai cin tafarnuwa don magani ya sani cewa abin da yake nema ya tafi tare da warin.

Ba sai da tanderun zamani ake gasa ta ba. Mai tanderu ya sa shi a awo 200, ya ba ta kamar minti 40. Marar shi kuwa, rushin murhu ya wadatar. A yanke kan dunƙulen kaɗan har bakin ƙwayoyin ya bayyana, a ɗiga man gyaɗa, a naɗe da takardar alminiyam, a turbuɗa cikin toka mai zafi, ba cikin jan garwashi ba, don in ta ƙone ɗaci take yi. In an matsa an ji ta lotsa, ta yi. Sai a bari ta huce, a matse ta daga gindi, naman ya fito ya bar ɓawon.

Ga dankali kilo 1, dunƙulen tafarnuwa 1 ya isa, masu sonta su sa 2. A fere dankalin, a yanka shi daidai wa daida, a zuba a ruwan sanyi da gishiri sa'an nan a ɗora. In aka jefa shi cikin tafasasshen ruwa, bayansa zai narke cikinsa yana ɗanye. Bayan ya tafasa, minti 15 zuwa 20 sun isa. A soka wuƙa, in ta shige ba gardama a sauke. A tsane ruwan sarai, a mayar da shi tukunya kan wuta kaɗan har tururi ya fita. Tun yana da zafi a murtsuke shi da cokali mai yatsu ko bayan ludayi, a zuba tafarnuwar da man shanu cokali 3, daga baya a bi da madara mai ɗumi kamar rabin kofi, ana juyawa sannu. Da ya haɗe a cire hannu.

A wajen man shanu kam mutanen Adamawa ba su da abin nema a waje. Na ƙwaryar Fulani ya fi na gwangwani ƙanshi nesa, sai dai a soya shi da ɗan albasa tukuna, kamar yadda iyayenmu ke yi, don ƙarnin ya fita. A ganina kuma babu abin da ya dace da shi kamar gasasshen kifin Binuwai da ɗan romo mai yaji a gefe, ko da yake kaza ma ba ta yi laifi ba.

Akwai hattara guda biyu da zafin garinmu ya wajabta. Dankalin da ya daɗe a rana kan yi kore, ko ya fara tsiro, kuma a wuraren nan ne wani dafi mai suna solanin ke taruwa. Dahuwa ba ta kashe shi, yana sa amai da ciwon ciki. In koren kaɗan ne a yanke shi da zurfi. In ya game dankalin ko ana jin ɗaci, a zubar, kada a ji ƙyashin kuɗin. Don haka ya fi kyau a sayi na kwana biyu ko uku, a shanya shi a inuwa inda iska ke ratsawa, kada a ƙulle shi a leda.

Na biyu, abinci ne mai madara. A Jimeta ba ya jure zama a buɗe fiye da sa'a 2, da bazara ma ko sa'a 1 ta yi yawa, kuma wutar lantarki ba abin dogara ba ce balle a ce firiji zai rufa asiri. Sai a auna yawan masu ci tun kafin a fere dankalin, a kuma fara gasa kifin, domin shi yana iya jira a gefen wuta, dankalin kuwa daga tukunya sai faranti.