Daga ina zaren masu saƙa a Kano ke fitowa?

Da zarar iskar hunturu ta fara kaɗawa a watan Nuwamba, kasuwar zaren ulu kan buɗe a birnin Kano.

A cikin gidaje da dama, musamman bayan sallar La'asar ko kuma da dare idan yara sun kwanta, za ka tarar da mace zaune da kwarashi ko kibiyoyin saƙa a hannu, dunƙulen zare na mirginawa a cikin kwano a gefenta.

Abin da take saƙawa sananne ne: hular jariri, da safa, da 'yar riga da wando, da shawul ɗin da za a naɗe jinjiri a ciki ranar suna. Wata don sha'awa take yi, ta bai wa jika ko ɗan maƙwabciya. Wata kuma da shi take samun kuɗin zubin adashe da na makarantar yara.

Sai dai zaren da ke hannun wannan mata yana da dogon labari, wanda ya haɗa ta da masana'antun Bompai da Sharada da Challawa, ko da kuwa ba ta taɓa taka ƙafarta a can ba.

Ulun da ba na tunkiya ba

Kalmar ulu dai aro ce daga Turanci, kuma asalin ma'anarta shi ne gashin tunkiya mai laushi da ake aske wa ana kaɗawa, kamar yadda ake yi a Ostireliya da Ingila.

Amma tumakin da aka sani a arewacin Najeriya, wato Balami da Uda da 'Yankasa, ba masu irin wannan gashi ba ne. Gashinsu gajere ne mai kaushi, ba ya kaɗuwa, kuma don nama da fata ake kiwonsu.

A Afirka ta Yamma, yankin Masina na ƙasar Mali ne ya yi suna da tumaki masu ulu na gaske, waɗanda Fulanin wurin suka daɗe suna saƙa barguna da gashinsu.

Don haka mafi yawan abin da ake kira ulu a kasuwannin Kano zaren roba ne da ake kira akirilik, wanda ake sarrafawa daga sinadaran man fetur. Kamfanin DuPont na Amurka ne ya fara fitar da shi kasuwa a wajajen 1950, da sunan Orlon.

Kama da wane dai ba ta wane, amma zaren ya karɓu saboda dalilai masu ƙarfi. Ya fi ulun tunkiya araha nesa ba kusa ba, ba ya tsukewa idan an wanke shi, ƙwari ba sa cin sa a cikin adaka, sannan yana riƙe launi.

Illarsa ita ce wuta. Yana saurin kamawa, kuma narkewa yake yi ya manne a fata, abin da ya kamata iyaye su lura da shi a lokacin da ake hura gawayi a ɗaka don jin ɗumi.

Wani abin lura kuma shi ne, shuni irin na marinar Ƙofar Mata ba ya kama wannan zare. Rininsa sai da wasu sinadarai na musamman da ruwa mai tsananin zafi, aikin da sai a masana'anta ake iya yin sa. Wato mai saƙa ba ta da ta cewa a kan launi, abin da ta tarar a kasuwa shi za ta ɗauka.

Zamanin mazari

Kakannin waɗannan mata ba sayen zare suke yi ba, su ne suke sayar da shi.

Bayan an cire auduga daga gona a ƙarshen kaka, aikin kan koma hannun mata. Da farko a gurje ta a kan dutse da ɗan sandan ƙarfe don a raba ta da angurya. Sannan a shiɓe ta da baka har ta yi laushi ta tashi kamar kumfa. Daga nan sai kaɗi.

Mai kaɗi kan riƙe audugar a hannun hagu, ta murza mazari da hannun dama yana juyawa a cikin 'yar taskira, tana shafa alli a yatsunta don kada su yi santsi. Idan ta ja siriri mai ƙarfi, ya zama zaren da masaƙi zai shimfiɗa a tsaye. Idan ta sake shi ya yi kauri da laushi, ya zama abawa, wadda ake jefawa a kwance.

Har yau idan Bahaushe ya ce an faɗa masa magana zare da abawa, yana nufin ba a rage masa komai ba, ko da yake da yawa daga masu faɗin hakan ba su taɓa ganin abawar ba.

Aiki ne na rani, lokacin da babu aikin gona, kuma aiki ne mai cin lokaci ƙwarai. Sai mata da yawa sun yi kaɗi kafin su wadatar da masaƙi guda. Amma ya dace da rayuwar matar kulle, domin ba ya bukatar ta fita: yaro ko dillaliya ne ke kai zaren kasuwa. Da kuɗinsa uwa kan tara wa 'yarta kayan ɗaki.

A kan wannan zare na mata aka gina sunan Kano. Lokacin da Bajamushen nan Heinrich Barth ya iso birnin a 1851, ya bayyana cewa tufafin da ake saƙawa ake kuma rinawa a ƙasar Kano suna kaiwa har Timbuktu da Gat da Murzuk da Tarabulus. Turkuɗin garin Kura, wanda Buzaye ke naɗawa, yana cikin abin da ya fi tsada.

Turawan mulkin mallaka sun yi fatan kwashe audugar zuwa masaƙun Lankasha, kuma wannan na cikin dalilan da suka sa aka jawo layin dogo har Kano a 1911. Lissafin bai fita yadda suka so ba. Masu kaɗi da masaƙan gida sun fi kamfanonin Turawa biyan manomi farashi mai kyau, manoman Kano kuma suka karkata ga gyaɗa.

Abin da ya kashe mazari daga baya shi ne zaren inji, wanda ya fi santsi, ya fi daidaito, ya kuma fi araha.

Da injuna suka zo

Masaƙar Kaduna Textiles, wadda ta fara aiki a 1957, ita ce ta buɗe babin manyan masaƙu a Arewa.

A Kano, unguwar Bompai ce ta fara zama matattarar masana'antu tun kafin samun 'yancin kai. Bayan an ƙirƙiro jihar Kano a 1967, aka ware Sharada da Challawa a kudancin birnin, suka bunƙasa a shekarun 1970 da kuɗin mai ya yawaita.

Attajiran Kano sun shiga harkar da ƙarfinsu. Alhaji Isyaku Rabi'u ya kafa masaƙar Bagauda, Alhaji Nababa Badamasi kuma ya kafa ta Gaskiya, wadda ta ɗauki dubban ma'aikata. Akwai kuma kamfanonin da baƙi ke da hannun jari a ciki, irin su Nigerian Spinners and Dyers a Bompai, da Angel Spinning and Dyeing a Sharada, da African Textile Manufacturers a Challawa.

Ba dukkansu ne ke buga atamfa ba. Aikin wasunsu shi ne kaɗi da rini kawai, su sayar da zaren ga masaƙa da masu ɗinkin hula da masu saƙar kayan sanyi. Wato aikin da dubban mata ke yi da mazari a tsakar gida ya koma hannun maza masu aikin kwana a gaban inji.

Matan ba su bar zare ba, sun dai sauya matsayi ne, daga masu sayarwa zuwa masu saye. Saƙar kwarashi da ta kibiya sun yaɗu ta makarantun 'yan mata, inda ake koyar da su a darasin kula da gida, sannan ta cibiyoyin koyar da mata sana'a, waɗanda suka ƙaru bayan Maryam Babangida ta ƙaddamar da shirinta na kyautata rayuwar matan karkara a 1987. Waɗanda suka samu hali suka sayi ƙaramin injin saƙa na tebur, suna karɓar aikin suwaitar 'yan makaranta.

Yadda masaƙun suka durƙushe

Ƙungiyar masu masaƙu ta Najeriya ta sha bayyana cewa a tsakiyar shekarun 1980 akwai masaƙu kusan 175 a ƙasar, amma zuwa 2010 waɗanda suka rage ba su kai 30 ba.

Dalilan suna da yawa, kuma sun haɗu ne suka yi wa masana'antar taron dangi.

Shirin tsuke bakin aljihu na 1986 ya karya darajar naira, kayan gyaran inji da sinadaran rini da ake shigowa da su suka yi tsada. A 1997 gwamnati ta ɗage haramcin shigo da tufafi, shekaru biyu bayan ƙasar ta shiga Ƙungiyar Ciniki ta Duniya. Gwamnatin Obasanjo ta maido da haramcin a kan atamfa a 2002, amma hakan bai hana kaya shigowa ba: daga tashar ruwan Kwatano su ratsa Nijar ta Maraɗi, su tsallako ta iyakar Katsina, su sauka a Kantin Kwari.

A farkon 2005 kuma yarjejeniyar da ta ƙayyade cinikin tufafi tsakanin ƙasashe ta ƙare, masaƙun Sin suka ƙara ƙarfi a duniya baki ɗaya.

Amma idan ka tambayi waɗanda suka yi aiki a Sharada ko Bompai, wutar lantarki suke fara ambata. Injin kaɗi ba ya son tsayawa. Duk lokacin da wuta ta ɗauke, zare kan tsinke a ɗaruruwan mazarai lokaci guda, a yi asarar kaya da lokaci. Ga kuma baƙin man da ake hura tukunyar tururi da shi don rini, wanda ya yi wuyar samu da matatar Kaduna ta riƙa tsayawa.

Masaƙar Gaskiya ta rufe a shekarun 2000, haka ma babbar masaƙar UNTL ta Kaduna a 2007. Gine-ginen wasu masana'antun a Kano sun koma rumbunan ajiyar kaya, wani lokaci ma kayan da ake ajiyewa a cikinsu tufafin waje ne.

Gwamnatoci sun gwada magunguna iri-iri. An ware asusun naira biliyan 100 ta hannun Bankin Masana'antu a wajajen 2010. A 2019 Babban Bankin Najeriya ya hana masu shigo da tufafi samun dala a farashin gwamnati. A 2020 aka ƙaddamar da aikin bututun iskar gas daga Ajakuta zuwa Kaduna da Kano, mai tsawon kilomita 614, wanda masu masana'antu suka ɗora wa fata mai yawa. Sai dai bashi mai rahusa bai magance matsalar wuta ba, kuma a watan Afrilun 2024 kuɗin wutar masu rukunin farko ya tashi zuwa naira 225 a kan kowane yunit, ya ninka fiye da sau uku.

Lissafin mai saƙa

A nan ne labarin ya dawo kan matar da ke zaune da kwarashinta.

Ko da zaren da ta saya a Kano aka kaɗa shi, ɗanyen akirilik ɗin daga waje yake zuwa, daga ƙasashe irin su Turkiyya da Sin. Najeriya na da man fetur, amma ba a nan ake mayar da shi wannan zare ba. Saboda haka farashin dunƙulen ulu a Kasuwar Ƙofar Wambai ko ta Sabon Gari dala yake bi. Kafin watan Yunin 2023 dala ɗaya a hukumance tana wajen naira 460, amma a farkon 2024 ta haura 1,500.

Ita kuwa ba za ta iya ninka kuɗin hular jariri haka ba, domin a kasuwar ta Wambai ɗin akwai dilolin gwanjo cike da suwaita da safa daga Turai, ga kuma sababbin kayan jarirai na inji daga Sin. Mai saye kan kwatanta farashi ne, ba ya lissafa darare nawa aka yi ana ƙirga ido.

Lokacin cinikinta ma gajere ne. Sanyin Kano na gaske bai wuce daga Disamba zuwa farkon Fabrairu ba, lokacin da ma'aunin zafi kan sauko zuwa wajen digiri 13 da asuba. Zuwa Afrilu zafin kan haura 40, babu mai son ko taɓa ulu. Damina kan kawo ɗan ciniki saboda sanyin ruwa, amma ba kamar na hunturu ba.

Don haka masu dabara kan sayi zare tun da bazara kafin ya yi tsada, su yi ta saƙawa a hankali cikin damina suna tarawa. Wannan kuwa sai mai jarin da za ta iya binnewa har wata shida, abin da mata da yawa ba su da shi.

Abin da ya riƙe sana'ar shi ne haihuwa, wadda ba ta da lokaci. Ma'aikatan lafiya kan shawarci uwa ta rufe kan jariri, musamman bakwaini, saboda saurin da jikinsa ke yi wajen rasa ɗumi. Ga kuma al'adar kai kayan barka, inda saitin da aka saƙa da hannu, aka zaɓi launinsa, wani lokaci har da sunan yaron a jiki, ya fi na kanti daraja a idon maijego.

A 'yan shekarun nan wasu 'yan mata, ciki har da ɗaliban jami'a, sun faɗaɗa abin zuwa jakunkuna da takalman jarirai da kayan ado na ɗaki, suna koyon sababbin zane a YouTube, suna tallata su a WhatsApp da Instagram. Irin waɗannan kaya ba su jiran hunturu, kuma wasunsu da zaren auduga ake yin su, wanda ya fi dacewa da zafin Kano.

Audugar kuwa har yanzu ana noma ta a yankin Funtuwa da Gusau da Gombe, kuma Cibiyar Binciken Aikin Gona ta Samaru a Zariya ta fitar da irinta kala-kala. Tsakanin wannan gona da kwarashin mai saƙa, injin kaɗin da zai haɗa su ne ya yi ƙaranci.