Sabon Jini Ya Ceci Damisar Fulorida

A farkon shekarun 1990 wata irin damisa ta jihar Fulorida a ƙasar Amurka ta kusa ƙarewa, don kuwa waɗanda suka rage ba su wuce 30 ba. Da yake sun yi nisa da sauran irinsu, barbara ta koma tsakanin dangi na jini ɗaya, aka riƙa haifar 'ya'ya masu ciwon zuciya da lanƙwasasshiyar wutsiya.

Ganin haka, cikin 1995 hukuma ta kawo mata 8 daga jihar Teksas, ta sake su a dajin. Biyar suka haihu, 'ya'yan suka fito da ƙoshin lafiya. A 2017 an ƙiyasta yawansu tsakanin 120 da 230.

To, amma sabon jini ba ya maye gurbin daji. Har yanzu motoci na kashe su a kan hanya.