Amurka: Ƙungiyoyin Gwanayen Rawar Kusurwa Huɗu Na Neman Magada

A garuruwa da dama na ƙasar Amurka, akwai wasu ƙananan ƙungiyoyi da kan haɗu sau ɗaya a mako a zauren makaranta ko na coci, domin yin wata rawa wadda ba ta yiwuwa sai da mutum takwas cif. Amurkawa na kiranta sukweya dans, wato rawar kusurwa huɗu. Daga cikin ƙungiyoyin akwai na gwanaye, waɗanda ba sa karɓar mutum sai ya shafe shekaru yana koyo. Babban abin da ke ci musu tuwo a ƙwarya a yau shi ne samun waɗanda za su gaje su.

Yadda ake rawar shi ne, mutane takwas za su tsaya bibbiyu a ɓangarori huɗu suna fuskantar juna. Can gefe kuma ga wani mutum riƙe da makirfo, wanda ake ce wa mai kira. Kiɗa na tashi, shi kuma yana ambaton sunan taku ɗaya bayan ɗaya, tamkar kwamandan fareti, 'yan rawa na aiwatarwa nan take. Babu wanda ya san kiran da zai biyo baya. Aikin mai kira ne ya cakuɗa mutanen takwas, sa'an nan ya mayar da kowa gurbinsa tare da abokin rawarsa. Idan mutum ɗaya ya ɓata taku, sauran bakwai ɗin sai su tsaya cirko-cirko.

Rawar ta samo asali ne daga raye-rayen ƙasashen Faransa da Ingila da baƙin haure suka shiga da su Amurka. Wani masanin tarihin raye-raye, Phil Jamison, ya bayyana a cikin littafin da ya wallafa a shekarar 2015 cewa makaɗa baƙar fata, waɗanda da yawansu bayi ne, su ne suka soma al'adar kiran taku da baki a lokacin da ake rawa. A cikin shekarun 1920, attajirin nan mai kamfanin motoci, Henry Ford, ya kashe dukiya wajen farfaɗo da tsofaffin raye-raye. Daga bisani wani shugaban makaranta a jihar Kolorado, Lloyd Shaw, ya tattara raye-rayen yammacin ƙasar a cikin littafinsa na shekarar 1939, ya kuma horar da malamai masu yawa.

Bayan Yaƙin Duniya na Biyu rawar ta bunƙasa ƙwarai. An gudanar da babban taronta na ƙasa karo na farko a shekarar 1952 a jihar Kalifoniya, kuma taron shekarar 1976 a birnin Anaheim ya tara mutane kusan 40,000. To amma bunƙasar ta zo da ruɗani, domin masu kira sun yi ta ƙirƙiro sababbin taku, har ta kai ga ɗan rawar wani gari ba ya gane kiran wani gari. Wannan ne ya sa masu kira suka kafa ƙungiyarsu mai suna CALLERLAB, wadda ta yi babban taronta na farko a shekarar 1974, ta kuma rarraba kiraye-kirayen zuwa matakai.

Wanda ya kammala matakan farko har zuwa wanda ake kira Plus, ya san kiraye-kiraye kimanin 100. Daga nan ne ake shiga rukunin gwanaye, wato A1 da A2, sai kuma rukunin da ya fi kowanne wuya, daga C1 zuwa C4. A waɗannan matakai hadda kaɗai ba ta isa ba. Mai kira kan umarci mutum biyu su yi taku tamkar mutum ɗaya ne, ko kuwa ya ce a yi rawa da waɗanda ake kira fatalwa, wato mutanen da babu su a fili, amma tilas kowa ya riƙe gurbinsu a ransa. Wani mai kira, Ed Foote, ya soma shirya wa irin waɗannan gwanaye taronsu na shekara-shekara a 1967, ya kuma ci gaba da gudanar da shi har zuwa shekarar 2000.

Dangane da tafiyar da ƙungiya kuwa, hanyoyi biyu ne aka fi bi. Wata ƙungiyar mambobi ne ke zaɓen shugaba da sakatare da ma'aji, su yi hayar zaure, su ɗauko mai kira su biya shi. Wata kuma mai kiran ne da kansa yake riƙe da ita. Ko ta wace hanya, kuɗin da ake karɓa a bakin ƙofa da kuɗin mamba su ne ke biyan haya da ladan mai kira. Ba a gasa, ba a ba da kofi, kuma al'adar rawar ta hana shan barasa kafin a fara ko a lokacin da ake yi.

Sai dai lissafin mutum takwas shi ne ke wahalar da shugabanni. Idan mutum 15 suka zo, takwas ne kawai za su yi rawa, bakwai su zauna jiran zagaye na gaba. Idan bakwai suka zo, an yi asarar kuɗin haya ke nan. Domin kada gwanaye su ware kansu su bar masu rauni, ƙungiyoyi da yawa na amfani da kati ko kwamfuta wajen rarraba mutane a kowane zagaye. Inda babu mai kiran da ya kai matakin, 'yan rawa kan taru a gidan ɗayansu su bi kiran da aka naɗa, a da a kan kaset, yanzu kuma a kan kwamfuta ko waya. A shekarar 2020, lokacin da annobar korona ta sa aka rufe zauruka, wasu sun ci gaba da rawa daga ɗakunansu ta manhajar Zoom, suna cike gurbin abokansu da fatalwa.

Ƙungiyar gwanaye ba ta koyar da ɗan fari. Tana dogara ne ga ƙungiyoyin matakan ƙasa su yaye mata mutane, su kuwa waɗannan sukan yi ƙorafin cewa na sama na kwashe musu ƙwararrun da ya kamata su tsaya su taimaki sababbin shiga. A azuzuwan koyo, tsofaffin hannu da ke shiga cikin ɗalibai domin cike takwas ana yi musu laƙabi da mala'iku, kuma in babu su aji ba ya tafiya. Tun bayan shekarun 1970 yawan 'yan rawar ke raguwa a Amurka, waɗanda suka rage kuma akasarinsu dattawa ne. Ajin da akan shafe watanni da dama ana halarta bai cika jan hankalin matasa masu aiki ba.

Wata ƙungiya da ake yawan ba da misali da ita ita ce Tech Squares, wadda aka kafa a shekarar 1967 a jami'ar kimiyya da fasaha ta MIT da ke jihar Masacuset. Takan koyar da ɗan fari har zuwa matakin Plus cikin makonni 13 kacal. Ba ta tilasta wa kowa sanya tufafin gargajiya na rawar ko zuwa da abokin rawa, kuma takan koya wa ɗalibi yin kowane taku daga gurbi daban-daban. Wannan horo ne ya sa mambobinta da dama ke haurawa matakan gwanaye ba tare da wahala ba.

A wajen Amurka ma rawar ta samu gindin zama. Sojojin Amurka sun taimaka wajen yaɗa ta a Jamus da Japan bayan yaƙi, kuma an kafa ƙungiyar kulob-kulob ɗinta ta nahiyar Turai a shekarar 1955. Ko'ina ake rawar, da Turanci ake kira, saboda haka ɗan Japan da ɗan Suwidin kan shiga zagaye ɗaya ko da ba sa jin harshen juna. Amma a can ma ƙa'idar ba ta sauya ba: hannu ɗaya ba ya ɗaukar jinka. Ƙungiyar gwanayen da mambobinta suka daina komawa azuzuwan farko domin taimaka wa masu koyo, wata rana za ta buɗe zaure ta tarar da mutum bakwai.