Diamox na sauke hawan jinin ido, amma ba ƙwayar shan kai tsaye ba ce

Wanda ya taɓa raka dattijo sashen ido a asibitin koyarwa na Gwagwalada ko Babban Asibitin Ƙasa da ke Abuja, wataƙila ya ga farar ƙwayar nan mai miligiram 250, acetazolamide, wadda aka fi sani da Diamox. Likita kan rubuta ta idan hawan jinin ido ya gagari maganin ɗigawa. Ciwon kuwa ba baƙo ba ne: binciken makanta na ƙasa na 2005 zuwa 2007 ya same shi a kusan kashi 5 cikin 100 na waɗanda suka kai shekara 40.

Aikinta shi ne toshe wani sinadari a jiki mai suna carbonic anhydrase. A ido, ruwan ciki ya ragu. A ƙoda kuma, gishirin jiki da fotasiyam su bi fitsari. Shi ya sa mai shanta yake zaryar bayi, yatsunsa da gefen bakinsa na yi masa tsikari, lemon kwalba ma ya sauya masa ɗanɗano.

Inda gizo ke saƙa shi ne bayan maganin ya ƙare. Sai a ba yaro tsohon kwali ya tafi kemis a Nyanya ko Kubwa, a yi ta sha wata da watanni ba gwajin jini, ga zafin Maris da Afrilu, wani ma yana azumi. Daga nan sai kasala, amai, ko tsakuwar ƙoda. Mai sikila, mai ciwon hanta ko ƙoda, da wanda Septrin ko Fansidar ta taɓa saɓule wa fata, kowa ya faɗa wa likita tun kafin ya ɗora biro.

Idan abin ya kai ga asibiti, a faɗi gaskiyar yadda aka sha. A kundin lambobin cututtuka na Hukumar Lafiya ta Duniya, ICD-10, wanda ya zarce ƙa'ida ko ya sha bisa kuskure T50.2 ake rubuta masa. Wanda ya bi umarni amma ƙwayar ta illata shi, Y54.2. Ana so rahoton irin wannan illa ya isa cibiyar sa ido kan illar magunguna ta NAFDAC, ko dai ta takardar rahoto ko ta manhajar Med Safety da aka ƙaddamar a 2020.

Kada kuma tsoro ya sa a ajiye ƙwayar ba da sanin likita ba, domin ganin da hawan jinin ido ya cinye ba ya dawowa. A koma asibiti da kwalin a hannu, likita ya rage ko ya sauya.