Boren ɗalibai na 1978: abin da ya faru da abin da ake ƙarawa

Duk lokacin da malaman jami'a suka tafi yajin aiki, ko aka fara jin ƙishin-ƙishin ɗin zanga-zanga, akwai wani tsohon labari da ke farfaɗowa a majalisun Madalla da teburan masu shayi, yanzu kuma har ya koma yawo a WhatsApp. Labarin boren ɗalibai ne na 1978, wanda aka fi sani da "Ali Must Go", wato dole Ali ya tafi. Ya taso a 2022, lokacin da yajin aikin ASUU na wata takwas ya zaunar da 'ya'yanmu na Jami'ar Abuja da ta Minna a gida. Ya sake tasowa a Agustan 2024, da zanga-zangar tsadar rayuwa ta tsayar da hanyar Abuja zuwa Kaduna, rahotanni kuma suka ce an rasa rayuka a Suleja. Mai son zuga matasa yana da irin yadda yake ba da shi, mai son tsorata su ma yana da nasa. Dukkansu suna haɗa gaskiya da ƙari, kuma tunda akwai jinin mutane a cikin labarin, ya kamata a tace shi.

Abin da aka fi faɗa shi ne wai a kan kobo 50 kacal ɗalibai suka tayar da ƙasa. Akwai gaskiya a ciki. A farkon 1978 Hukumar Kula da Jami'o'i ta Ƙasa, wadda Dakta Jibril Aminu ke shugabanta, ta sanar da ƙarin kuɗin abinci da na ɗakin kwana, kuma adadin da aka fi ambata shi ne kobo 50 a kan abincin yini. Kuɗin karatu kansa ba a taɓa shi ba. Amma wannan "kacal" ɗin ita ce ƙaryar. A lokacin naira ta fi dala daraja. Kobo 50 kullum naira 15 ke nan a wata, alhali ma'aikacin gwamnati mafi ƙanƙanta, bayan ƙarin albashin Udoji, naira 60 yake ɗauka. Kashi ɗaya cikin huɗu na albashin masinja ake neman ƙara wa ɗansa a kan kwanon tuwo. Ga ɗan manomi kuwa, wannan ƙari yana iya zama bambancin ci gaba da karatu da komawa gona.

Sannan ƙasar da abin ya faru a cikinta ba ta gama warkewa ba. Yaƙin basasa ya ƙare a Janairun 1970, ya bar sojoji kimanin dubu 250, bayan kafin yaƙin ba su wuce kusan dubu goma ba. Gwamnatin Gowon ta yi shelar sulhu da sake gina ƙasa, kuɗin man fetur ya shigo, aka ɗora wa ilimi babban buri. A 1975 aka ƙara jami'o'i bakwai a kan shida da ake da su, ciki har da na Kano da Sakkwato da Maiduguri, a 1976 kuma aka ƙaddamar da ilimin firamare kyauta. Da kuɗin mai ya ja baya, gwamnatin Janar Obasanjo ta shiga tsuke bakin aljihu. Ɗalibai suka ga ana janye alkawarin da aka yi wa talaka, aka kuma fara da cikinsu.

Magana ta biyu ita ce ta fi damuna, domin a Arewa ake yawan jin ta: wai rigimar 'yan Kudu ce, mu ba ruwanmu. Wannan ƙarya ce tsagwaronta. Gaskiya ne shugaban ƙungiyar ɗalibai ta ƙasa, NUNS, Segun Okeowo, ɗalibin Jami'ar Legas ne. Gaskiya ne kuma bayan an fara ƙaurace wa darussa ranar 17 ga Afrilu, a Legas aka fara zubar da jini, inda 'yan sanda suka harbe Akintunde Ojo, ɗalibin zanen gine-gine. Amma kwanaki kaɗan bayan haka sojoji suka buɗe wuta a Samarun Zariya, kuma a can aka fi yin asarar rayuka. Jami'ar Ahmadu Bello kuwa ita ce jami'armu a wancan zamani. Jihar Neja shekara biyu kawai take da su, jami'ar Minna ba ta zo ba sai 1983, ta Abuja sai 1988. Ga mutanen Suleja ma Zariya gida ce tun asali, domin daga can sarakunan Zazzau na Haɓe suka taso, har Abu Ja ya kafa garin a 1828, kuma har yau Sarkin Zazzau ake ce wa sarkin. Wanda ya ce abin da aka yi a Samaru bai shafe mu ba, bai san tarihin gidansa ba.

Shi Alin fa? Kanar Ahmadu Ali likita ne na soja, shi ne kwamishinan ilimi na tarayya, kamar yadda ake kiran ministoci a lokacin. Sunansa ne ya shiga bakin masu bore, don shi ne fuskar ma'aikatar. Amma cewa shi kaɗai ya ƙirƙiro ƙarin ba daidai ba ne. Sanarwa daga hukumar jami'o'i ta fito, kuma a mulkin soja Majalisar Ƙoli ta Soja ce ke da wuƙa da nama.

Inda masu zuga suka fi yin ƙari shi ne ƙarshen labarin. Za ka ji an ce ɗalibai sun tilasta wa gwamnati ta janye ƙarin, har ma sun kori soja daga mulki. Ba a janye ƙarin ba. An rufe jami'o'i, an haramta NUNS, an tsare Okeowo an kuma kore shi daga makaranta. Bayan kwamitin bincike na Mai Shari'a Usman Muhammad, shugabannin jami'o'i biyu suka rasa kujerunsu: Farfesa Ade Ajayi na Legas da Farfesa Iya Abubakar na Zariya. Miƙa mulki ga Alhaji Shehu Shagari ranar 1 ga Oktoban 1979 kuwa, jadawalinsa Janar Murtala Muhammad ne ya sanar tun 1 ga Oktoban 1975, shekara biyu da rabi kafin boren. Masu tsoratarwa su ma ba su da gaskiya idan suka ce an mutu a banza. Ɗalibai sun sake haɗa kansu a 1980 da sunan NANS, kuma a shekarar 1978 ɗin ce ASUU ta gaji tsohuwar ƙungiyar malaman jami'a.

Wannan ya kawo mu ga zargin da har gobe ake yi wa malamai, wai su ne suka hura wutar. Hukuma ta yi wannan zargi, ta kuma sallami wasu malamai masu ra'ayin gurguzu, irin su Ola Oni da Bade Onimode da Omafume Onoge a Ibadan, da Edwin Madunagu a Kalaba. Cewa sun tausaya wa ɗalibai ba abin musu ba ne. Amma NUNS ce ta zauna ta yanke shawarar ƙaurace wa darussa, kuma ɗalibin da aka taɓa masa abinci ba ya jiran malami ya gaya masa yana jin yunwa. Malaman kansu suna da nasu tabon. A 1973 da suka yi yajin aiki kan albashi, Gowon ya ba su zaɓi: su koma aji ko su fita daga gidajen jami'a. Suka koma.

Akwai kuma rikita shekaru. Wasu na cewa a 1978 aka fara kashe ɗalibi a Najeriya. A'a, 'yan sanda sun harbe Kunle Adepeju a Jami'ar Ibadan ranar 1 ga Fabrairun 1971, shekara ɗaya bayan yaƙi, shi ma a zanga-zangar da ta samo asali daga batun abinci. Wasu kuma suna cakuɗa 1978 da abin da ya faru a Zariya ranar 23 ga Mayun 1986, zamanin Babangida, lokacin Farfesa Ango Abdullahi na shugabantar jami'ar. Rikici biyu ne daban, ko da yake na biyun ya tsiro ne daga tunawa da mamatan na farko. Hukuma ta ce mutum huɗu aka kashe a 1986, ɗalibai suka ce sun fi haka. Saboda haka duk wanda ya turo maka saƙo da wani adadi mai yawa ba tare da ya faɗi shekara da wuri ba, kada ka tura wa kowa.

Hukuncina shi ne, kokensu na gaskiya ne, kuma gwamnatin da ta fito daga yaƙi ta amsa wa yara marasa makami da harsashi, abin da babu uzurin da zai wanke shi. Amma ba a yi wa waɗanda suka mutu adalci idan aka yi musu ƙaryar nasarar da ba su samu ba, don a tura wasu yaran kan titi. Iyaye da malaman Madalla, ku ba 'ya'yanku labarin yadda yake. Kai kuma ɗalibi, kafin ka amsa kiran kowa, ka tambayi mene ne buƙatar, wace ƙungiya ce ta yanke shawara, kuma wa zai tsaya maka idan aka kama ka.