HADAYA DA GAFARAR ZUNUBI A ADDININ KIRISTA

Kowace shekara, tsakanin ƙarshen watan Maris da ƙarshen watan Afrilu, akwai wata Litinin da ake rufe ma'aikatun gwamnati da makarantu a ƙasar Nijar. Ma'aikata da ƴan lakkwal suna kiranta Litinin ta Pak. Kowa yana cin hutunta, amma kaɗan ne suka san dalilinta, domin Kiristoci, bisa ƙidayar jama'a ta 2012, ba su kai kashi ɗaya cikin ɗari na mutanen ƙasa ba. Hausawa sun ce rashin sani ya fi dare duhu, kuma maƙwabcin da ba a san imaninsa ba, da sauƙi ake yi masa mummunan zato.

Wannan hutu yana biye da Idin Faska, idi mafi girma ga Kiristoci. Ranar Jumma'ar da ke gabansa suna tunawa da gicciye Yesu Almasihu, wanda Musulmi ke kira Annabi Isa, ranar Lahadi kuma suna murnar tashinsa daga matattu. A wurin Katolika da Furotesta ana yin idin ranar Lahadi ta farko bayan cikar watan da ta faɗo ran 21 ga Maris ko bayanta, shi ya sa ranar take motsi tsakanin 22 ga Maris da 25 ga Afrilu. Tushen idin tambaya ce guda: idan mutum ya saɓa wa Mahaliccinsa, da me za a shafe laifin?

Tushen hadaya

Kiristoci sun gaji littattafan Bani Isra'ila, waɗanda suke kira Tsohon Alkawari, kuma daga cikinsu suka ɗauko kalmomin hadaya da kaffara da fansa. Littafin Farawa ya ba da labarin Ibrahim, wanda aka umurce shi ya yanka ɗansa, sai aka fanshi yaron da rago. Duk mai yin layya ya san wannan labari, sai dai Littafi Mai Tsarki ya ambaci Ishaku, mafi yawan malaman Musulunci kuma suka ce Isma'ila ne. Littafin Fitowa ya kawo labarin daren da Isra'ilawa suka bar Masar: kowane gida ya yanka ɗan rago marar aibi, aka shafa jininsa a dogaran ƙofa, mutuwa ta ƙetare gidan. Daga nan Idin Ƙetarewa na Yahudawa ya samo asali, kuma daga sunansa aka sami kalmar Faska.

Amma hadayar da ta fi shafar zunubi ita ce ta Ranar Kaffara, wadda aka bayyana cikin sura ta 16 ta Littafin Firistoci. Sau ɗaya a shekara, ran 10 ga wata na bakwai, babban limami yakan yanka bijimi saboda laifinsa da na gidansa. Sa'an nan a kawo bunsuru biyu, a jefa ƙuri'a a kansu. Na fari a yanka shi, limamin ya shiga da jinin bayan labule, cikin Wuri Mafi Tsarki inda ba wanda ke shiga sai shi, ya yayyafa. Na biyu kuwa ba a yanka shi. Limamin ya ɗora hannuwansa biyu a kansa, ya faɗi laifuffukan jama'a duka, a kora shi cikin daji, ya tafi da su. Haka aka yi ta yi a Haikalin Urushalima har shekara ta 70 bayan haihuwar Almasihu, lokacin da sojojin Roma, a ƙarƙashin Titus, suka rushe shi. Tun daga nan Yahudawa suke kiyaye ranar da azumi da addu'a da tuba, ba yanka.

Gicciye a idon Kirista

An gicciye Yesu, bisa labarin Linjila, a Urushalima, a lokacin Idin Ƙetarewa, zamanin gwamnan Roma Bilatus Babunti, wanda ya riƙe Yahudiya daga shekara ta 26 zuwa ta 36. Gicciye kisa ne na wulakanci da Romawa suka keɓe wa bayi da ƴan tawaye. Almajiransa suka fahimci wannan mutuwa a matsayin hadaya. Suka kira shi Ɗan Rago na Allah, suka kuma ga siffarsa cikin sura ta 53 ta Littafin Ishaya, inda aka yi zancen wani bawan Allah marar laifi da ya sha wuya saboda laifin wasu. Wasiƙa zuwa ga Ibraniyawa ta tsara hujjar haka: hadayar dabbobi da ta isa, da ba a maimaita ta kowace shekara ba, Almasihu kuwa shi ne limamin, shi ne kuma abin hadayar, ya miƙa kansa sau ɗaya tak. Wannan ne dalilin da ya sa ba a yanka dabba cikin majami'a. Abin da ya maye gurbinta shi ne gurasa da ruwan inabi da ake rabawa, don tunawa da jibin ƙarshe da ya ci da almajiransa.

A nan ne addinai biyu suka rabu. Musulunci ya koyar da cewa ba a kashe Annabi Isa ba, ba a gicciye shi ba, kuma ba wanda ke ɗaukar nauyin laifin wani; mai zunubi ya tuba, Allah ya gafarta masa in ya so. Kiristoci kuwa suna ganin zunubi ya shiga jinin ɗan Adam tun daga saɓon farko, har mutum ba ya iya fid da kansa. Wanda ya fi kowa tsara wannan koyarwa ɗan Afirka ne, Agustin, limamin Hippo, garin da ake kira Annaba a ƙasar Aljeriya, wanda ya rayu daga 354 zuwa 430.

Yaya mutuwar mutum ɗaya za ta wanke wasu?

Malaman Kirista sun yi ƙarnuka suna juya wannan tambaya, ba su kuma tsaya kan amsa ɗaya ba. Na farko-farko, irin su Orijin na Iskandariya, sun kwatanta ɗan Adam da bawan da aka kama a yaƙi, Almasihu kuma ya biya fansarsa, ya ci nasara kan Shaiɗan da mutuwa. Wajen shekara ta 1098, Ansalam, babban limamin Kantabari a Ingila, ya kawo wani bayani. Ya ce zunubi bashi ne, tauye girman Allah ne. Mutum ne ya ci bashin, amma ba shi da abin biya. Allah ne mai abin biya, amma ba a binsa kome. Don haka sai mai biyan ya zama Allah ne kuma mutum ne. Ba da jimawa ba wani malamin Faransa, Abelar, ya ƙi amincewa da zancen bashi. A ganinsa gicciye nuni ne na iyakar ƙaunar Allah, wadda ke narkar da zuciyar mai laifi har ya tuba. A ƙarni na 16 Kalbin na Janeba ya bayyana shi da harshen shari'a: hukunci ya hau kan mai laifi, marar laifi ya tsaya a madadinsa.

Wa ya cancanci gafara?

Gardama mafi zafi ta taso ne kan yadda gafarar ke isa ga mutum. A shekara ta 250 Sarkin Roma Desiyus ya umurci kowa ya miƙa hadaya ga gumakan daula, ya karɓi takardar shaida. Wasu Kiristoci suka ƙi, aka kashe su. Da yawa suka miƙa, wasu suka sayi takardar da kuɗi. Da tsanani ya lafa sai suka dawo suna neman shiga. Masu tsaurin ra'ayi suka ce wanda ya yi ridda ba shi da sauran wuri. A 251 limaman Afirka ta Arewa suka taru a Kartaj, kusa da Tunis ta yau, ƙarƙashin Sifiriyan, suka yanke cewa a karɓe su bayan tuba mai tsawo, kowa gwargwadon laifinsa. Sifiriyan kansa an sare masa kai a 258 saboda ya ƙi yin wannan hadaya.

Daga irin wannan tuba aka sami al'adar furta zunubi a gaban limami. Taron Lateran na 1215 ya wajabta ta ga kowane Katolika aƙalla sau ɗaya a shekara. An haramta wa limamin faɗin abin da ya ji, ko da a bakin ransa, kuma wanda ya ci haƙƙin wani ana buƙatar ya mayar. Daga baya kuɗi suka shiga lamarin: aka riƙa sayar da takardun sassauta horon zunubi, har don ginin majami'ar Bitrus a Roma. A 1517 wani malamin Jamus, Martin Luta, ya fito da batutuwa 95 yana sukar wannan ciniki. Ya koyar da cewa gafara kyauta ce ta Allah, da bangaskiya ake karɓarta. Daga nan Furotesta suka rabu da Katolika. Taron Trento, daga 1545 zuwa 1563, ya tabbatar da furta zunubi, ya kuma la'anci cinikin. Sai ran 31 ga Oktoba 1999, a birnin Ogsburg, Katolika da mabiyan Luta suka sa hannu kan takarda ɗaya, suka amince cewa da alherin Allah ake kuɓuta, ayyukan kirki kuma su ne ƴaƴansa.

Wanda aka yafe wa, shi ma ya yafe

Dukan ɗarikun sun haɗu kan sharaɗi ɗaya: mai roƙon gafarar Allah dole ne ya gafarta wa ɗan'uwansa. An ga misalinsa a fili lokacin da Fafaroma Yohana Bulus na Biyu, wanda aka harba ran 13 ga Mayu 1981, ya je gidan kaso a Roma cikin Disamba 1983, ya zauna da maharbin, bayan ya riga ya yafe masa.

Wannan koyarwa ta iso ƙasar nan da ƴan mishan: Furotesta sun zauna Damagaram a 1924, Katolika a Yamai a 1931, an buga Littafi Mai Tsarki dukansa da Hausa a 1932, an kuma buɗe asibitin Galmi a 1950. An gwada ta a ranakun 16 da 17 ga Janairu 2015, lokacin da zanga-zangar nuna fushi kan zanen ɓatanci na wata jaridar Faransa ta rikiɗe ta zama tarzoma a Damagaram da Yamai. Mutane 10 suka rasu, aka ƙone majami'u da dama. Shugaban ƙasa na lokacin, Isufu Mahamadu, ya yi tir da abin da ya faru, wasu Musulmi suka ɓoye maƙwabtansu Kiristoci cikin gidajensu, shugabannin Kirista kuma suka kira mabiyansu da su yafe, kada su rama.

Musulmi da Kirista ba su yarda da juna kan gicciye ba, kuma kowa yana riƙe da nasa. Amma dukansu sun san ɗan Adam mai laifi ne, mai buƙatar gafara, sun kuma san laifi tudu ne, kowa ya taka nasa ya hangi na wani. Allah ya ƙara wa ƙasar Nijar zaman lafiya, amin.