Neman fasfo: Yadda jira da wayar da ba a ɗauka ke gajiyar da mutanen Fakku

Ga mazaunin Fakku da ke Ƙaramar Hukumar Kebbe a Jihar Sakkwato, sanin ko fasfonsa ya fito ba abu ne mai arha ba. Ofishin fasfo na Hukumar Kula da Shige da Fice ta Ƙasa yana cikin birnin Sakkwato, tafiyar da ke cinye yini guda da kuɗin mota zuwa da dawowa.

Da waya na aiki, da kira ɗaya ya wadatar. Sai dai koken da masu neman fasfo suka daɗe suna yi shi ne lambobin neman bayani kan yi ta ƙara ba a ɗauka, in kuma an ɗauka a ce mutum ya ƙara haƙuri. Daga nan sai manomi ya bar gonarsa, ko mai niyyar Umara ya kama hanyar Tambuwal zuwa birni, don ya ji amsar da ba ta wuce minti ɗaya ba.

A shekarar 2021 gwamnatin tarayya ta sa wa'adin mako shida ga sabon fasfo, mako uku ga sabuntawa. Duk da haka ayyuka suka taru, har sai da Ministan Harkokin Cikin Gida, Olubunmi Tunji-Ojo, ya sanar a 2023 cewa an kammala fasfo 204,332 da suka maƙale. A watan Janairun 2024 aka mayar da cike takardu ta intanet.

Kuɗin ma ya hau. Daga ranar 1 ga Satumban 2025, fasfo mai shafi 32 na shekara biyar ya koma naira 100,000, mai shafi 64 na shekara goma kuma naira 200,000, wato ninkin farashin da aka sa a 2024. Wanda ya sayar da buhunan hatsi ya biya wannan kuɗi yana da haƙƙin a gaya masa inda takardunsa suka tsaya.

Sau da yawa matsalar daga lambar shaidar ɗan ƙasa ta NIN take. Idan suna ko ranar haihuwa a takardar neman fasfo ya saɓa da abin da ke rumbun hukumar NIMC, aikin kan tsaya cak. A karkara, inda wani ke cike wa mutum takarda a shagon kwamfuta, ana iya rubuta Muhammadu a nan, Mohammed a can.

Don haka kafin ka biya, ka tabbatar sunanka da ranar haihuwarka iri ɗaya ne a duk takardunka, harafi bayan harafi. Ka adana rasit da lambar rajistarka, kuma ka guji 'yan na-kama masu alƙawarin fito da fasfo cikin kwana biyu. Maniyyaci kuwa ya fara da wuri, domin jirgin Hajji ba ya jiran wanda fasfonsa ke kan layi.